Aikin Da Babu Ɗinki

Ranar Laraba aka sallamo Yaya daga asibiti, kwana ɗaya tak bayan an yi mata aikin zuciya. Kafin su fito, likitar ta zaunar da ita tare da ƙaninta Auta, wanda a gidansa take zaune, ta yi musu bayani dalla-dalla.

"Mama, jijiyar da ke kai wa zuciyarki jini ce ta toshe. Mun huda nan saman cinyarki, muka zura siririn tiyo ta cikin jijiya har zuciya, muka buɗe wurin, muka bar wani ɗan ƙarfe mai kamar raga ya tokare shi. Abu biyu nake roƙonki. Na farko, mako guda kada ki ɗaga abin da ya fi butar shayi nauyi, don hujin nan a babbar jijiya yake, bai gama rufewa ba. Na biyu, waɗannan ƙwayoyin na tsinka jini, kullum ne, ko rana ɗaya kada ki tsallake. In kika daina, jini zai daskare a kan ƙarfen. In wurin hujin ya kumbura, ko kika ji ƙirji ya riƙe, a dawo da ke nan take. Yallaɓai, kana ji?"

Auta ya ɗago kai daga wayarsa. "Ina ji, Likita. Ai yayata ce, uwa ce a wurina. Ko cokali ba za ta ɗauka ba."

A gida, matarsa Malama ta tare su a bakin ƙofa da sannu-sannu. 'Yarsu, wadda ake wa laƙabi da Lauya saboda karatun shari'a da take yi a jami'a, ta rugo tana leƙen wuyan rigar Yaya.

"Gwaggo, ina ɗinkin? Mu gani!"

"Babu ɗinki, 'yar nan. Filasta ce kawai a cinya."

"Filasta? Haba! Ni fa cire haƙorin da aka yi mini bara ya fi wannan wahala."

Aka yi dariya, har da Yaya. Malama ta ce ai duniya ta ci gaba, yanzu aikin zuciya ya koma kamar allurar zazzaɓi. Ba su gama dariyar ba muryar Inna, mahaifiyar su Yaya, ta taso daga ɗakin ƙurya, a shaƙe, a karkace, kamar yadda take tun da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da ita shekara shida da suka wuce.

"Ke! Kin dawo? Ke!"

Inna ba ta kiran kowa da "ke" a gidan sai mutum ɗaya. Yaya ta ajiye ledar magungunanta a kan kujera, ta nufi ɗakin tana jan ƙafa.

Tun daga bakin ƙofa wari ya tare ta. Kwana biyu kacal ta yi ba ta nan. An tara zannuwan gado uku a bayan ƙofa, fo yana ƙarƙashin gado ba a wanke ba, kofin ruwa ya yi nisa da hannun Inna mai lafiya. Tsohuwar ta zame daga kan matashi, ƙugunta ya yi ja alamar ba a juya ta ba. Inna babbar mace ce, ciwo bai rage mata jiki ba. A ɗaga ta a gyara, a juya ta, a sauke ta kan kujerar wanka a mayar, sau biyar ko shida ne a yini.

Yaya ta leƙo falo. "Auta, zo ka kama mini ita."

Ya sosa ƙeya. "Yaya, ni namiji, yaya zan ga tsiraicin uwata? Ai ita ma ba za ta so ba."

Ta dubi Malama. Malama ta dafe ƙugu, ta ce Allah ya gani tana so, amma ciwon bayan nan da ta samu tun haihuwar Lauya bai bar ta ba, jiya ma da ta gwada sai da ta kwana da man zafi. Lauya ta ce ita da ta shiga ɗakin amai ke taso mata, ga jarrabawa saura mako biyu.

"Kuma ai Inna ba ta yarda da hannun kowa sai naki," in ji Malama. "Jiya ture ni ta yi. Ki lallaɓa a hankali kawai, gobe sai mu san dabara."

Yaya ta koma ciki. Ta sa hannu biyu ƙarƙashin hammatar uwarta, ta dafa gwiwa a bakin gado, ta ja. Sai ta ji wani abu ya yi tsit a saman cinyarta, kamar zare ya tsinke a cikin tsumma. Ta tsaya ta numfasa, ta ji bai ƙara ba, ta ci gaba da aikinta.

Goben da za a san dabara ba ta zo ba. Da safe kowa ya fice, Auta ofis, Malama makaranta, Lauya jami'a, gida ya rage daga ita sai Inna, kamar kullum. Zannuwan Inna kuwa ba a sa su a injin wanki, doka ce ta Malama, wai wari yana kama kayan mutane. A bayan gida ake wanke su da hannu, a baho, a ɗebo ruwa a bokiti. Yaya ta rage ruwan zuwa rabin bokiti, ta ce wa kanta ai ta bi maganar likita rabi.

Ranar Asabar baƙi suka zo dubiya, abokan aikin Auta da matansu. Ya fito da wayarsa yana nuna musu hoton jijiyar da likita ta ba shi, ga ta a toshe, ga ta a buɗe, suna ta jinjina. Yayar da suka zo dubawa ita ce ta kawo musu shayi a faranti.

"Kun gan ta nan, garau!" in ji Auta. "Yayata ƙarfe ce. Yanzu ma an ƙara mata wani a ciki."

Suka kwashe da dariya. Yaya ta yi murmushi, ta jingina da bango don ƙafar dama ta fara yi mata nauyi.

A banɗaki ta duba wurin. Ƙarƙashin filastar ya tasa kamar ƙwan kaza, kewayensa ya yi baƙi-baƙi da shuɗi, tabon ya malala har tsakiyar cinya. Da ta ɗora yatsa sai ta ji yana harbawa, dum, dum, daidai da bugun ƙirjinta. Wuri ne da mace ba ta nuna wa ƙaninta. Ta jira baƙi suka watse, ta ja Malama gefe, ta nuna mata.

Malama ta yi saurin kau da kai. "Kaluluwa ce wannan, Yaya. Duk wanda aka huda sai ta fito masa. Ki gasa da ruwan zafi."

Ta gasa. Zuwa Litinin ƙwan kaza ya koma kamar lemo, ba ta iya miƙe ƙafar sosai. In ta goge baki jini ne, in ta bugu da gefen gado sai wurin ya yi tabo. Ta sami Auta yana karyawa, makullin mota a gefen kofi.

"Auta, likita ta ce in ya kumbura a mayar da ni."

"Yau?" Ya dubi agogo. "Yaya, yau muna da baƙi daga babban ofis. Kuma kin san cunkoson hanyar asibitin nan, yini guda ne. In mun tafi wa zai zauna da Inna? Katinki ma ai mako biyu aka rubuta. Bari in kira abokina."

Abokin nan nasa kantin magani gare shi. Auta ya fita baranda, ya yi minti biyar yana "to, to, haka ne," ya dawo fuska a sake kamar wanda ya warware gagarumar matsala.

"Na faɗa! Ƙwayoyin nan ne. Sun tsinka miki jini ya wuce kima, shi ya sa yake taruwa. Ya ce ki huta da su kwana uku, kumburin zai sabe."

"Likita ta ce ko rana ɗaya kada in tsallake."

"Likitoci haka suke, su tsoratar da mutum. Ke da idonki kina ganin abin da maganin yake miki. Kawo su nan, na san halinki, ina fita za ki sha."

Ya karɓe kwalayen biyu ya jefa a jakarsa ta ofis. Ba da faɗa ya yi ba, har kafaɗarta ya dafa. Yaya ta bi jakar da kallo har ta fice. Ita ta goya shi, ita ta koya masa ɗaure takalmi, amma shekara shida tana cin abincin gidansa sun koya mata inda maganarta take tsayawa.

Da rana 'yarta, wadda ke aure a wani gari mai nisa, ta kira.

"Mama, yaya jikin? Kina hutawa dai ko?"

"Lafiya lau. Kawunki yana ta ƙoƙari."

Ta faɗi haka ne da waya a maƙale a kafaɗa, hannuwanta cikin kumfa. In ta faɗi gaskiya yarinyar za ta kira kawunta ta yi masa rashin kunya, a ce Yaya tana kai ƙarar gidan da ya rufa mata asiri.

Kwana uku suka cika, kumburi bai sabe ba. Auta kuma ya tafi taron bita na kwana huɗu a wani gari, da jakarsa. Ta kira shi sau biyu, ya ce yana cikin taro, in ya dawo. Ta roƙi Malama ta sayo mata wasu. Malama ta ce ita ba ta shiga tsakanin ɗan'uwa da 'yar'uwa, tunda maigida ya ce a dakata, a dakata ɗin. Ta ce wa Lauya, Lauya ta ce ta turo mata sunan maganin a waya. Sunan yana jikin kwalin, kwalin yana jaka, takardar asibitin ma tana can.

A kwanakin nan Yaya ta koyi ɗaga Inna da ƙafa ɗaya. Takan jingina ƙugu da gado, ta cije leɓe, ta ja, sannan ta zauna a ƙasa har jiri ya wuce. Inna tana kallonta da ido ɗaya mai motsi. Wata rana ta kamo gefen rigarta.

"Ke... ciwo?"

"A'a, Inna. Gajiya ce."

"Kwanta."

"To, Inna. Bari in gama."

Duk gidan, wadda ba ta iya tashi ce kaɗai ta ce mata ta kwanta.

Auta ya dawo ranar Lahadi, ya ce jakar tana ofis, gobe. Ranar Litinin ya manta. Ranar Talata da safe, Yaya tana matse zanin gado a bayan gida, sai ta ji kamar an ɗora mata buhun siminti a ƙirji. Nauyin ya haura wuya, ya sauka hannun hagu. Gumi mai sanyi ya karyo mata. Ta dafa bango ta shigo, ta tarar da Malama tana sa takalmi.

"Malama, ƙirjina. Irin na wancan karon ne, har ya fi."

"Ƙwannafi ne, Yaya. Shayin nan da kike sha ciki babu komai. Akwai maganin olsa a kan firij, ki sha cokali biyu. Yau ni ke tsaron ɗalibai a jarrabawa, in na makara shugabar makaranta sai ta cinye ni ɗanya."

Ƙofa ta rufe. Yaya ta sha cokali biyu. Ta shiga ɗakin Inna don lokacin juya ta ya yi, ta kai hannu, ƙafafunta suka ƙi. Ta sulale ta zauna a ƙasa, bayanta jingine da gadon, baki buɗe tana neman iska. Wayarta tana can bayan gida kusa da baho.

Lauya tana ɗakinta, ta toshe kunnuwa da abin jin waƙa tana karatu. Inna ta kira, muryar ba ta wuce ƙofa ba. Sai ta laluba ta kamo kofin ƙarfe da hannunta mai lafiya, ta shiga buga shi a jikin ƙarfen gado. Ta buga, ta huta, ta buga. Fiye da awa guda tana bugu kafin Lauya ta cire abin kunnenta don shiga banɗaki, ta ji.

Yarinyar ta ga fuskar gwaggonta ta yi fari kamar toka, ta fasa ihu. Ta kira ubanta. Ya ce a ba ta maganin olsa, a kunna mata fanka, zai taso da an tashi daga taro, kada a bar Inna ita kaɗai. Lauya ta yi biyayya na awa biyu, tana fifita tana kuka. Da ta ga leɓɓan Yaya sun canza launi sai ta fita titi ba ko takalmi, ta tare tasi. Rana ta riga ta karkata lokacin da suka isa sashen gaggawa.

Jini ya daskare a kan ƙarfen, ya toshe jijiyar ruf. Likita ta sake shiga, wannan karon ta wuyan hannu, ta buɗe. Washegari wasu likitocin suka yanka cinyar, suka kwashe jinin da ya taru, suka ɗinke jijiyar da ta yage. A rana ta uku likitar ta zo zagaye, ta tarar da Auta zaune a gefen gado da ledar 'ya'yan itace.

"Mama, yaushe rabonki da ƙwayoyin tsinka jini?"

Yaya ta kau da kai, likitar ta ci gaba.

"Kwana takwas ko fi, in na yi hasashe. Wa ya ce ki daina?"

Auta ya duƙar da kai yana gyara igiyar takalmin da ba ta kwance ba. Yaya ta dubi tsakiyar kansa, inda gashi ya fara zubewa.

"Ni ce na manta, Likita."

"Kuma hujin cinya? Me kika ɗaga?"

"Ai Likita, Yaya ba ta jin magana," Auta ya yi caraf. "Mun yi, mun yi ta zauna, ta ƙi. Ba ta iya zama haka kawai."

Likitar ta kamo hannun Yaya ta juya tafin, ta dubi fatar da sabulu ya tsattsage, ta daɗe tana kallo. Ba ta dubi Auta ba da ta yi magana.

"Awannin da kika yi a gida, wani sashe na zuciyarki ya mutu. Ba ya dawowa. Abin da ya rage zai riƙe ki in kin lallaɓa shi, amma aikin ƙarfi kun yi sallama har abada."

Da aka dawo da ita gida ta tarar an ɗauko wata mata mai jinya tana kula da Inna. Ashe ana samu. Yaya kuwa daga ɗaki zuwa banɗaki sai ta huta sau biyu, ƙafafu sun kumbura, kwanciya sai da matashi uku. Yanzu ita ma sai an miƙo mata ruwa. Ba a yi mako ba ta fara jin ƙus-ƙus a falo. Mai jinyar tana buƙatar ɗaki kusa da Inna, kuma ɗaki ɗaya ne kusa da Inna, na Yaya. Ta ji Malama tana cewa gidan nan ba asibiti ba ne, majinyata biyu sun yi wa mutum yawa.

Auta ne ya shigo da maganar, yana murza hannu. "Yaya, na ga kamar canjin wuri zai yi miki kyau. Ki je wurin 'yarki ki huta sosai. Nan hayaniya ta yi yawa."

"Gidansu a hawa na uku yake, Auta."

"Ai ba sauka za ki riƙa yi ba."

Ranar tafiya ta shiga yi wa Inna sallama. Tsohuwar ta damƙe wuyan hannunta, ta ƙi saki, hawaye yana gangarowa ta ido ɗaya zuwa cikin kunne. Sai da mai jinyar ta ɓamɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya. A waje maƙwabta suna ta sa wa Auta albarka, ƙanin da ya tsaya wa yayarsa har aiki uku, irinsa sai an tona.

Babu wanda ya taɓa zagin Yaya a gidan nan, babu wanda ya ɗaga mata murya. Kowa da uzurinsa, kuma kowane uzuri in ka saurare shi shi kaɗai sai ka ce ai da gaskiyarsa. Haka ake cinye mutum a cikin gida, da sannu da yi haƙuri, har a kai ga ƙashi ba wanda ya ga jini a hannunsa.

Kwana tara da komawarta wurin 'yarta, tana zaune bakin taga da la'asar, ƙafafu a kan kujera, waya ta yi ƙara. Auta ne. Ya tambayi jiki, ya tambayi yara, ya yi ta kewaye-kewaye.

"Yaya, matar nan fa ta tafi. Wai aikin Inna ya fi ƙarfin mutum ɗaya, sai dai a ɗauki biyu. Kin ji mutanen yanzu da son jiki! Shi ne na ce ko kin ɗan ji ƙarfi, ki dawo. Ba aiki za ki yi ba, ido kawai za ki sa. Inna sai kiranki take."

Yaya ta rufe ido. Ta ga ɗakin, ta ga ƙugun da zai yi ja kafin gobe, ta ga kofin da za a ajiye nesa da hannu. Ta san sarai in ta ce a'a ba Auta ne zai ji a jikinsa ba. Ta kuma san in ta ce to, ba za ta ga ƙarshen wata ba, sannan Inna ta rasa ta gaba ɗaya.

"Auta."

"Na'am, Yaya."

"Ana juya ta duk bayan awa biyu. Ka fara da kafaɗa, sannan ƙugu. Ka sa matashi tsakanin gwiwoyinta. Ruwan wanka kada ya yi zafi, ba ta ji a ɓarin hagu."

"Yaya, ni fa namiji..."

"Ita ta haife ka. Ba abin da za ka gani da ya kai abin da ta gani a kanka."

Ta kashe wayar kafin ya amsa, ta kife ta a cinya. 'Yarta ta leƙo daga kicin ta tambaya ko lafiya. Yaya ta ce lafiya, ta juya fuska wajen taga. Agogon bango ya nuna ƙarfe huɗu, lokacin juya Inna zuwa ɓarin dama, ita kuma tana zaune, hannuwa biyu a kan cinya, ba abin da za ta iya yi da su.